Sifesa da adafta a ƙafar mota: kira daga wani mai sassaƙa ƙarfe a Jega

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani faifan ƙarfe da ya fara yawa a ƙafafun motocinmu a nan Jihar Kebbi, wanda kanikawa ke kira sifesa, da 'yar'uwarta adafta. Sana'ata sassaƙa ƙarfe da inji a garin Jega, kuma galibin aikina na mota ne: gyaran hob, fiƙe disk ɗin birki, cire sitod (ƙusar zare da ake ɗaure notin taya a kai) da ya karye, buɗa ramin rim. Saboda haka maganar ta shafi tuwona kai tsaye, domin duk sifesar da na ƙi sassaƙawa kuɗi ne na kora daga bakin shagona. Duk da haka ina ganin lokaci ya yi da za a hana sa wannan abu a motar da ke lodin fasinja, a kuma sa ido a kan na sauran motoci.

Ga wanda bai taɓa kula da ita ba, sifesa faifai ce mai ramuka da ake sakawa tsakanin hob, wato mazaunin ƙafar mota, da rim, don a turo taya waje. Akwai siririya mai kaurin milimita 3 ko 5, wadda ake zura ta kawai a kan sitod ɗin motar, a mayar da rim a ɗaure. Akwai mai kauri, milimita 20, 25, 30 har sama, wadda ita ake fara ɗaurewa a jikin hob da nata notin, sannan a ɗaura rim a kan wasu sitod da ke jikinta. Adafta siffarta ɗaya da mai kaurin, sai dai ramukanta na tazarar motarka ne, sitod ɗinta kuma na tazarar wata mota daban, don a samu a ɗaura rim ɗin da ba don motar aka yi shi ba.

Masu zuwa nema iri-iri ne. Akwai samari, galibi daga Birnin Kebbi, da suka ga hotunan motoci a waya suna son tasu Corolla ko Accord ta buɗe ƙafa, taya ta leƙo daidai bakin modigad. Waɗannan ado suke nema, kuma ba su suka fi tayar mini da hankali ba, don yawancinsu yawon cikin gari ne, mutum biyu ko uku a mota. Akwai wanda ya tsinci rim masu kyau da araha, na Kwatano ko na Panteka a Kaduna, ya biya ya ɗauko kafin ya auna, sai da ya iso gida ya tarar ramuka ba su hau ba. Sai kuma direbobin haya, masu Golf da Sharon da Hiace, da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Koko da Yawuri har Kwantagora, ko su nufi Kamba da Bagudo. Saboda su na ɗauki alƙalami.

Da yawa cikin direbobi, har da wasu kanikawa, sun ɗauka sitod ne ke ɗauke da nauyin mota, wato a jikinsu take rataye. Ba haka aka ƙera abin ba. Idan aka ɗaure noti yadda ya kamata, sitod yakan ɗan miƙe, miƙewar da ido ba ya gani, kuma jan da yake yi don ya koma yadda yake shi ke matse bayan rim da fuskar hob har su zama abu ɗaya. Matsewar nan ita ke ɗaukar nauyi, ita ke ɗaukar birki, ita ke shan dukan rami. Muddin tana nan, sitod hutawa yake yi. Ranar da ta yi sanyi, rim ya fara motsi ko da na kaurin gashi ne, to nauyin ya koma kan sitod, yana lanƙwasa shi gaba da baya a kowane juyi. Tayar ƙaramar mota tana juyawa wajen sau 500 a kilomita guda, ka ga a tafiyar kilomita 100 an lanƙwasa shi sau 50,000 ke nan. Ƙarfe ba ya jure wannan. Yakan fara tsagewa daga gefe, tsagar ta riƙa ci a hankali, har ranar da ragowar ya ɓalle gaba ɗaya. Shi ya sa in an kawo mini karyayyen sitod nakan fara duba bakin karayar. Idan rabi sumul ne ya yi duhu, rabi kuma fari ne sabo mai kaushi, na san ya daɗe yana mutuwa, ramin da direba ke zargi ƙarasa shi kawai ya yi.

Sifesa kuwa a daidai wannan wuri take shiga. Tana ƙara wata mahaɗa inda ake buƙatar matsewa, da fuskoki sababbi da dole su kwanta sumul a kan juna. Mu kuma a ina muke ɗaurin taya? A bakin titi, cikin rairayi, yaron mai faci ya jefar da faifan a ƙasa ya ɗauka ya kaɗe da tafin hannu ya mayar. Ƙwayar yashi ko ɓawon tsatsa da ya maƙale a tsakani zai sa noti ya yi kamar ya ɗauru. Bayan an yi tafiya yashin ya niƙe ya zama gari, wurin da ya tokare ya zama fili, matsewar ta tafi. A mai kaurin kuma abin ya ninka: noti biyar sun zama goma a ƙafa ɗaya, biyar daga ciki a ɓoye bayan rim. Direban kirki yakan zagaya motarsa da sifana da asuba ya taɓa kowane noti, to amma na waje kaɗai yake taɓawa. Na cikin ba ya isa gare su sai ya sa jak ya cire taya. Masu ƙera sifesa ta gari da kansu suna cewa a sake duba ɗaurin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ta farko. Wane direba ne zai tsaya a Koko da fasinja cike, ya sauke kaya, ya cire ƙafa huɗu don ya duba notin ciki?

Sai kuma abin da aka yi ta da shi. Ta gari ana yanko ta ne daga dunƙulallen alminiyam mai ƙarfi, irin mai lamba 6061-T6, a dasa mata sitod masu daraja 10.9, kuma lambar tana buge a kan kowane sitod. Abin da ya fi yawa a hannun mutanenmu ba shi ba ne. Ko dai ta waje ce da babu suna babu lamba a jikinta, ko kuma ta zubi, wadda aka narka tsofaffin fistin da gwangwanaye aka zuba cikin yashi, yadda ake zubin tukunya, sannan a kawo wa irina ya share mata fuska ya huda ramuka. Ban raina masu zubi ba, tukunyarsu tana shekaru a kan murhu. Amma duk lokacin da na ɗora irin wannan zubi a kan inji, bakin aska na shiga sai ramukan iska su bayyana a ciki, wani wurin har da yashi. Ga shi da taushi, noti na nutsewa cikinsa. Alminiyam kuma yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Haɗa zafin birki da ranar watan Afrilu da ke wuce digiri 40 a nan, faifan ya kumbura a ƙarƙashin noti ya matsu, in ya huce mai taushin ba ya komawa yadda yake. Kowace tafiya tana rage ɗaurin kaɗan. Mafi muni shi ne wanda ba ya ma zuwa wurinmu: a yanko faranti da wutar gas, ko a jera washa biyu-biyu a kan kowane sitod, rim ya zauna a kan ɗigo biyar maimakon faffaɗar fuska.

Siririyar ma da ake rainawa tana da nata. Sitod ɗin ƙananan motocin Toyota kaurinsa milimita 12 ne, kuma noti na cin milimita 1.5 a kowane juyi. Ƙa'idar da muka koya ita ce noti ya kama zare aƙalla daidai kaurin sitod, juyi takwas ke nan. Sifesa mai milimita 5 ta cinye fiye da juyi uku tun kafin a fara. Wannan kowa zai iya gwadawa: ɗora noti da hannu, ka ƙirga juyi har ya zauna. Idan huɗu ko biyar ka samu, to zare kaɗan ne ke riƙe da ƙafar motarka, kuma shi ne zai zage ranar da aka taka birki da ƙarfi. Golf da Sharon da Marsandi da Fijo 406 su ba sitod gare su ba, bol ne ke shiga cikin hob, don haka duk kaurin da aka ƙara sai an ƙara shi a tsawon bol ɗin. Gajere bai kama ba, wanda ya yi tsawo da yawa kuma yana iya taɓo kayan birki a ciki.

Akwai kuma leɓen da ke tsakiyar hob, wanda ramin tsakiyar rim ke hawa ya zauna daram. Shi ke sa taya ta tsaya a tsakiya cif. Tsawonsa a yawancin ƙananan motoci milimita goma ne da 'yan kai. Sa shafaffiyar sifesa mai milimita 8 ko 10 ta haɗiye shi, rim ya rasa abin hawa, sai inda noti suka ja shi. Daga nan sitiyari ya fara rawa, a kai motar balansin a dawo, a sake kaiwa, a zagi mai injin balansin a banza, alhali tayar ce ba ta tsakiya.

Bari in kawo alƙaluma, don a ga abin ba na ido ba ne. Corolla da aka fi sani a nan, irin ta 2003 zuwa sama, ramuka biyar gare ta a da'ira mai faɗin milimita 100, ramin tsakiya 54.1. Camry ramuka biyar ne a 114.3, tsakiya 60.1. Accord ita ma, ta 2003 zuwa sama, biyar a 114.3, amma tsakiyarta 64.1, kuma mazaunin notinta kumburarre ne, na rim ɗin aloyi na Toyota kuwa shimfiɗaɗɗe mai washa. Marsandi da Sharon biyar ne a 112, amma tsakiyar Marsandi 66.6, ta Sharon 57.1. Golf 3 ta haya huɗu ne a 100, Fijo 406 huɗu a 108, Hilux shida a 139.7. Dubi 112 da 114.3. Bambancin milimita 2.3 ne kacal, ido ba zai raba su ba, kuma da ƙarfin tsiya rim ɗin zai shiga. Amma kowane sitod an karkatar da shi fiye da milimita guda, noti ya zauna da gefe ɗaya. Hatta zare ya bambanta: na Nissan 1.25 ne, na Toyota 1.5, kuma na sha ganin an tura na wannan a kan na wancan da dogon bututu har ya shige. Adafta an yi ta ne don ta warware irin wannan saɓani, gaskiya ne, sai dai ba ta yiwuwa siririya, don dole ta samu naman da zai riƙe sitod. Wanda ya sa adafta ya turo ƙafarsa waje da milimita 20 ko fiye, ko yana so ko ba ya so. Wadda ke mayar da rami huɗu zuwa biyar ta fi kowacce kauri da rikici, kuma ita masu Golf ke tambaya.

Da damina aka jawo wata Sharon ta haya zuwa garejin maƙwabcina, ƙafar baya ta hagu ta fice mata a hanyar Maiyama, da fasinja da buhunan shinkafa. Allah ya taƙaita, direban bai yi gudu ba saboda ruwa, motar ta zauna a kan disk ta ja ƙasa ta tsaya, tayar kuma ta faɗa gona ba ta samu kowa ba. Da aka kawo mini hob ɗin, rim na nan ɗaure tsaf a jikin adaftar, notin waje biyar babu wanda ya motsa. Adaftar ce ta rabu da motar. Bol uku na ciki sun karye da irin karayar da na faɗa, rabi duhu rabi fari, biyu kuma sun fizgo ta cikin alminiyam ɗin, ramukansu sun zama kamar ƙwai. Direban, yaro ne sa'an ɗana, ya rantse mini kullum sai ya taɓa notinsa kafin lodi, kuma na yarda da shi. Ya ce, "Baba, to mi za ni yi? Rim ɗin Camry na samu da sauƙi, aka ce min da wagga ta zamna." Na ce masa kuɗin adafta huɗu da na jan mota da na disk ɗin da ya niƙe sun fi kuɗin rim ɗin ƙarfe na Sharon da ya guje wa. Araha dai ba ta ado.

Ko da an samu ta gari, an ɗaura ta daidai, akwai abin da ba ya kaucewa, shi ne boris, wanda ƙafa ke juyawa a kansa. Masu ƙera mota sun auna inda tsakiyar taya za ta faɗa a kan boris, shi ne lambar da ake bugawa a bayan rim bayan haruffan ET, wadda a yawancin ƙananan motoci take tsakanin 35 da 50. Ka lura da ɗan garuwa mai sanda a kafaɗa: ruwan da ke cikin garwar bai ƙaru ba, amma in ya matsar da ita can ƙarshen sandar, kafaɗarsa za ta gaya masa. Haka boris ke ji in aka turo taya waje. Nauyin motar yana nan yadda yake, amma ƙarfin da ke murɗa boris da boljoyin da tayarod ya ƙaru, kuma a hanya mai rami ya fi ƙaruwa. A ƙafar gaba kuma, duk abin da taya ta daka yana dawowa hannun direba da ƙarfi fiye da da, in birkin gefe ɗaya ya fi kamawa motar ta fi fizga. Taya kuma takan goga bakin modigad idan an yi lodi shokozoba ya zauna, ƙarfen ya riƙa yankar gefen tayar, inda ya fi ko'ina rashin kauri.

Hujjar da direbobi ke ba ni ita ce motar ta fi zama a ƙasa. Wani ya ce mini, "Baba, in na ɗora albasa bisa, ba ta rangaji." Mu yi lissafi. Tazarar da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu a irin waɗannan motoci kusan mita ɗaya da rabi ce. Sifesa mai milimita 25 a kowane gefe ta ƙara santimita 5, wato kashi 3 cikin 100 da ɗan ɗoriya. Buhunan albasar Aliero da aka jibga a kan rufi da bayan but, ga mutum huɗu a kujerar mutum uku, sun ɗaga nauyin motar sama fiye da abin da santimita 5 za ta gyara nesa ba kusa ba. Abin da ya samu a zahiri shi ne ƙarin wahala ga boris ɗin da lodi ya riga ya gajiyar.

Kada a ce na ce ba ta da amfani ko kaɗan. Kamfanin Porsche da kansa yana sayar da siririyar sifesa ga wasu motocinsa, amma shi ya auna ta, shi ya ba da bol ɗin da ya dace da ita. Akwai lokacin da rim ke taɓa kalifar birki, milimita 3 ta raba su. Akwai mai Hilux da ke shiga fadama ya sa taya mai faɗi tana gogar ƙarfen ciki. Irin waɗannan nakan yi musu, da dunƙulallen ƙarfe, da leɓen tsakiya a jiki, in auna da baniya, ma'aunin kaurin ƙarfe, in tabbatar an canja sitod zuwa masu tsawo in ana buƙata, in kuma gaya wa mai motar abin da ya ɗauko wa kansa. Manoman shinkafa ma sun san ana buɗa ƙafar tarakta ana tsuke ta gwargwadon kunya, sai dai ita tun daga kamfani aka ƙera ta don haka, kuma ba ta gudun kilomita 100 a awa.

Ɗaurin kansa wani babi ne. Littafin Corolla da Camry ya ce a ɗaure noti a ma'auni 103 Nm na sifana mai awo. A Jega kaf masu wannan sifana ba su da yawa. Abin da aka saba shi ne a zura bututu a wil-sifana yaro ya hau ya yi tsalle. Sitod da aka ja ya wuce iyakarsa ba ya sake matsewa, ya zama saura ƙiris. Masu ƙera mota ba su ɗauki kwancewar noti da wasa ba. Duk wanda ya taɓa cire ƙafar Kanta ya san notin gefen hagu baibai ake kwance shi, da gangan suka juya zaren.

To ina doka? Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka kowace da matsayarta. A Jamus ba a sa sifesa sai mai takardar gwaji da ta ambaci irin motar da ta dace da ita, sau da yawa kuma sai an kai motar wurin masu duba motoci irin su TÜV sun tabbatar. A Ostireliya ƙa'idarsu ta hana sa ta a motar da ke hawa titin jama'a, sai in kamfanin da ya ƙera motar ne ya sa. A Ingila an yarda, amma dole mai mota ya sanar da kamfanin inshorarsa cewa ya yi canji. Waɗannan fa ƙasashe ne da ba a lodin da muke yi, hanyoyinsu kuma ba irin namu ba.

A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, an kafa ta a 1988, dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce, ga kuma ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012. A jerin laifuffukan da jami'anta ke cin tara a kansu akwai tuƙa mota mai matsalar inji ko kayan aiki, akwai tuƙi da suɗaɗɗiyar taya, amma babu sifesa da sunanta. Ka ga jami'i a bakin titi ba shi da layin da zai nuna, direba kuma zai ce ina aka rubuta. Abin da ba a fayyace ba jayayya kawai yake haifarwa, mai ta gari ya sha tsaiko, mai ta zubi ya wuce don tasa tana ɓoye. Inshora kuma, tun Janairun 2023 kuɗin ta dole ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Masu babbar inshora su sani ƙa'idarta ita ce ka bayyana duk canjin da zai ƙara haɗari, in ka ɓoye ka ba kamfani hujjar yi maka gardama ranar biya.

Mu kuma masu sana'a kada mu fake da cewa mai mota ne ya ce a yi. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa mai sana'a yana lamunin kayan da aka damƙa masa. In haka ne a kan dukiya, ni dai ban ga yadda zan sassaƙa abin da na san zubi ne, a ɗaura wa motar da za ta ɗebi mata da yara zuwa Dakingari, sannan in ce ba ruwana ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Ma'aikatar da ke kula da sufuri a jiha da Majalisar Dokoki ta Kebbi su fito da magana ɗaya a rubuce: motar haya mai ɗaukar fasinja ba ta sa sifesa ko adafta, rim ɗinta na asali za ta sa. Ga motar gida a bar ƙofa, da sharaɗin ta zama mai lamba, mai leɓen tsakiya, taya kuma kada ta wuce modigad tana watsa wa masu babur tsakuwa. Jami'an VIO su sa cire ƙafa ɗaya cikin abin da ake yi kafin a ba motar haya takardar lafiya. Hukumar SON, da ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, ta ɗauki marar suna marar lamba yadda ta ɗauki jabun taya. FRSC kuma ta taɓa yin irin wannan aiki ya ci: da can wa ya san lambobi huɗun da ke gefen taya, biyu na mako biyu na shekara? Yau har kwandasta yana duƙawa ya karanta. Minti biyar a rediyo da Hausa kan ƙirga juyin noti zai yi irin wannan tasiri.

Amma waɗanda suka fi kowa iko a kan wannan su ne shugabannin tasha. Babu motar da ke lodi a Jega ko Argungu ko Zuru ba tare da 'yan yuniyon na NURTW sun gan ta ba. Tocila kawai ake buƙata, a haska ta tsakanin ramukan rim, faifan zai nuna kansa tsakanin rim da disk. In suka ce mai ita ba ya shiga layi, cikin wata guda za ta ɓace daga motocin haya. Ƙungiyar kanikawa ta NATA ita ma ta ja kunnen 'ya'yanta, har da mu masu inji.

Wanda kuma tana jikin motarsa yanzu, ya samu lokaci cikin makon nan ya cire ƙafafun, a goge fuskar hob da ta faifan da burushin waya, a duba tsaga a bakin ramuka, a ɗaure notin ciki da sifana mai awo, a ƙirga juyin na waje. A hanya kuwa, in sitiyari ya fara rawar da bai saba ba, ko ya ji ƙas-ƙas daga ƙafa lokacin taka birki ko shan kwana, ko ya ga baƙin gari ko zanen tsatsa yana fitowa daga gindin noti, ko hob ɗaya ya fi sauran zafi in ya kai hannu kusa, ya gangara gefe ya sauke fasinja a nan inda yake, kada ya ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai injin sassaƙa ƙarfe,
Jega, Jihar Kebbi.